Ƙararrawar Ƙafar Ba'indiya

Shekaranjiya wasu samari biyu sunka zo maƙerata nan Tambuwal, ɗaya riƙe da waya. Ya nuna mini wasu mata Indiyawa suna rawa, ƙafafunsu ɗaure da ƙananan ƙararrawa tun daga idon sawu har ƙwauri. Ya ce ƙannensu mata za su yi irin wannan rawa a bikin makaranta, suna son in koya musu ƙirar su yi da kansu.

"Baba, ai ba wuya," in ji shi. "Ƙwallon tagulla ne da tsakuwa ciki. Kwana biyu mun iya."

Na ce su zauna. Ni Sahabi maƙerin fari ne, na haura shekara saba'in, kuma abin da ya kira ƙwallon tagulla ya taɓa cinye mini wata fuɗu cur. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita, don na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba.

A Kebbe anka haife ni, gidan maƙeran baƙi, masu garma da lauje. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya anka kawo ni wurin yayan mahaifiyata, Kawu Buhari, wanda ke ƙirar tagulla da azurfa. Shekara uku ban taɓa komai ba sai zugazugi da gawayin ƙirya. Kawu ba ya bayani. In ka yi aiki ka miƙa masa, sai ya juya shi a tafin hannu, ya ce, "Sake," ya jefa cikin kaskon narki. Zoben farko da ya bari ya fita daga maƙera da sunana, na goma sha tara ne. Har yau ban san da me ya fi na goma sha takwas ba.

Masu sayen kayanmu yawanci matan Fulani ne. Ranar kasuwa su zo daga rugage, su sayi munduwa da awarwaro da 'yan kunne. Muna kuma yin ƙararrawar wuyan rago da ta jaki. Ita wannan doka ɗaya gare ta: wadda ta fi ƙara ita ta fi kyau, don mai dabba ya jiyo ta daga bayan gona. A kan haka na tashi.

Ga yadda ake yin ƙaramar ƙararrawa. Ka sami tsakuwa ka lulluɓe ta da yumɓun da anka kwaɓa da kashin jaki, ka mulmula, ka shanya. Ka shafe ta da kakin zuma daidai kaurin da kake so, ka tsaga baki, ka yi mata kunne. Ka sake rufe ta da yumɓu ka bar ƙofa. In ta sha wuta kakin ya narke ya fita, sai ka zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Ta huce, ka fasa na waje, ka sa tsinke ka ƙwaƙule na ciki ta bakin nan har tsakuwa ta saki. Sannan ka goge ta da magagari. Kowace ɗaya sai ta bi wannan hanya, kuma a cikin goma, uku za su fito da huji.

Shekarar da nake son ba ku labari, ruwa ya ɗauke gero bai gama fidda kai ba. Shanu sunka rame, wasu anka gangara da su kudu. Matan da ke saye a hannunmu sai ga su suna kawo munduwarsu suna neman mai saye. Na ga aikin hannuna na shekara biyar zube a tabarma a kasuwa, ba mai tayawa. Kawu ya tsufa a lokacin, ido ya yi rauni, maƙera tana hannuna. Gida kuma akwai matata Kulu da yara uku. Sai mu yi kwana shida ba mu hura wuta ba.

Ana cikin haka wata hantsi sai ga Malam Ladan, kukun wani malami Ba'indiye da ke koyar da lissafi a makarantar sakandare. Bayansa matar malamin ce, wadda kowa ke kira Madam, ta naɗe jiki da zane mai tsawo, da ɗigon ja a goshi. Ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ni ba na jin Turanci. Ladan kuma Turancinsa na kicin ne.

Ta kwance wani ƙyalle ta fito da igiya biyu, an jera musu ƙananan ƙararrawa, duk sun yi baƙi don tsufa. Ladan ya ce nata ne, da su take rawa tun tana yarinya. Yanzu ɗiyarta ta kai shekara goma sha biyu, kuma nan da wata fuɗu Indiyawan da ke ƙasar Sakkwato za su taru don wata sallarsu, yarinyar za ta yi rawa gaban mutane karo na farko. An aiko mata da nata daga ƙasarsu, kaya sun ɓace a hanya. Tana son ɗari, hamsin kowace ƙafa.

Na ce, "Mi zai hana ta ara wa ɗiyar nata?"

Ladan ya tambaye ta. Ta yi dogon bayani. Ya juyo ya ce, "Ta ce ba a yi."

"Don mi?"

"Shi ne ban gane ba."

Ta ciro guda ɗaya ta ba ni in duba, da sharaɗin kada in fasa. Na kaɗa ta a kunne, na ji ƙararta ƙasa-ƙasa, na ce a raina tsufa ne ya kashe ta. Na ce zan yi. Sai ta kaɗa kai, ba sama da ƙasa ba, gefe da gefe, kamar mai jin kiɗa.

Na ce wa Ladan, "Ta ƙi?"

"In ta kaɗa kai hakanga, wani lokaci ee ne, wani lokaci a'a. Shekara shida nika dafa musu abinci, ban rarrabe ba. Bari in tambaya." Ya tambaya. "Ta yarda."

Da sunka tafi Kawu ya yi magana daga inda yake zaune. Ya ce, "Sahabi, mutanen ga gumaka garesu. Ka san ko rawar ta bauta ce? Ni hannuna ba shi cikin aikin ga." Na tafi wurin limamin unguwarmu. Ya ce in je in tambaye ta tukuna. Na aiki Ladan, ya dawo ya ce, "Ta ce rawa ce, amma kuma addu'a ce, amma kuma labari ne taka ba da shi da hannu da ido." Na kai wa liman wannan amsa kamar yadda anka ba ni. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ƙararrawa anka ce ka ƙera. In ta ce ka ƙera mata mutum-mutumi, ka ce a'a." Na fito ban tabbata ya ba ni izini ba ne ko ya dai sallame ni. Amma rumbu ya kusa ƙasa, na hura wuta.

Da ina da hankali da goma zan fara yi in kai ta gani. Amma na ga kaina gwani ne, na tattara tagullar da ta rage a maƙera na zuba ɗari gaba ɗaya. Sati biyar na yi. Sunka fito jawur suna walƙiya, in ka taɓa kwaryar da suke ciki sai gida ya ɗauka. Na sa riga mai kyau na kai har gidan malamai.

Madam ta zura guda ashirin a igiya, ta ɗaga, ta tsaya cik. Ta ɗan motsa hannu. Sunka yi ƙara. Ta sake tsayawa, ta sake motsawa. Ta faɗi wata magana gajera, ta kaɗa kan nan nata.

Ladan ya ce, "Wanga a'a ne. Ta ce ba su magana daidai."

Na dawo ina juya maganar. Ba su magana daidai. Ƙararrawar da ba ta magana daidai, a sanina, wadda muryarta ba ta kai ba ce. Na narkar da su duka. Na rage kaurin kaki, na buɗe baki, na ƙara kuza a cikin tagullar don murya ta yi tsini. Wasu sati biyar sunka tafi. Wannan karon in ka kaɗa guda ɗaya a ƙofar maƙera, mai shago a bakin titi sai ya waiwayo. Ban taɓa ƙera abu mai ƙara irinsu ba.

Na kai. Tun kafin in zauna, daga motsin jakar kawai, ta sa yatsu ta toshe kunne. Ɗiyar tana tsaye bakin ƙofa, ta dubi uwar, ta koma ciki. Madam ta yi ta magana, tana nuna ƙafarta, tana nuna bakinta, tana rufe shi da hannu. Ladan ya yi gumi. Ya ce, "Malam Sahabi, ta ce kamar na farko, amma sun fi." Na ce sun fi kyau ko sun fi muni? Ya ce kalmar da ta faɗa tana iya zama kowanne.

Ku da ke cewa kwana biyu, ga inda na tsaya: sati goma sun wuce, saura shida. Tagullar da na cika wa kuza ta yi gautsi, ba ta sake komawa yadda take. Wata kuma ba ni da halin saye, ko da yake tana zube a kasuwa. Maƙwabta sun san ina yi wa Ba'indiya aiki, sun kuma san sau biyu ana dawo da ni. Maƙeri in anka fara cewa aikinsa na dawowa, ko ruwa ya sauka ba mai zuwa wurinsa. Kawu ya ci gaba da jan tasbaharsa. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kulu ce ta fito da munduwarta guda biyu, manya, na tagulla mai kyau, waɗanda kakarta ta bar mata. Ta ajiye a gabana bayan sallar azahar. Ta ce, "Malam, ga su. Amma ba a narka su sai na tafi na gani da idona. Ku maza kuna ta dagula magana. Ladan ba shi shiga inda suka rawa, kai ma ba ka shiga. Ni mi zai hana ni?"

Na ce, "Da wane baki za ki yi magana da ita?"

Ta ce, "Da wane kunka yi ku?"

Washegari da la'asar ta yafa mayafi, ta ɗauki jakar ƙararrawata ta tafi. Ta dawo kafin magariba, ta zauna bakin maƙera, abin da ba ta saba yi ba. Abin da ta ba ni labari ke nan. Madam ta shigar da ita wani ɗaki da ba kujera, ta ɗaura tsoffin ƙararrawarta, ta buga ƙafa a siminti har Kulu ta ji a ƙirjinta, kamar ana sussuka. Sai ta tsaya cak, ɗakin ya yi tsit. Sannan ta ratsa ɗakin daga bango zuwa bango, da ƙararrawa ɗari a ƙafa, ba wadda ta ce uffan. Ta tsaya, ta motsa ɗan yatsan ƙafa, guda ɗaya tak ta amsa. Daga nan ta kwance, ta ɗaura nawa. Ko numfashi ta ja sai su ɗauka gaba ɗaya.

Kulu ta ce, "Naka surutu garesu, Malam. Ita masu yin shiru taka so. Sai an tambaye su su amsa."

Na ce, "Ƙararrawa mai shiru? To mi anka yi ta don shi?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa maka. Kuma ta ce ka fasa wadda ta ba ka."

"Ta ce? Da wane harshe?"

Kulu ta ɗauki dutse ta yi kamar za ta buga a ƙasa. "Da wanga."

Na ɗora tsohuwar ƙararrawar a kan uwar maƙera, ƙarfen da muke dukan aiki a kansa, na tsaga ta. Ba tsakuwa ce a ciki ba. Ƙwallon baƙin ƙarfe ne, sumul, mai nauyi, ya kusa cika cikin. Jikinta ya ninka nawa kauri, bakin kuma ɗan tsagi ne siriri. Tsakuwa ba ta da nauyi, ga kusurwoyi, abu kaɗan sai ta yi tsalle. Shi ƙarfen yana kwance abinsa sai an girgiza shi da niyya. Wata biyu da rabi amsar tana cikin aljihuna.

Ƙwallon ƙarfe ba aikin maƙerin fari ba ne. Na hau motar kasuwa zuwa Kebbe, hanyar nan da ta fi kama da kwazazzabo, na sami yayana. Ya saurare ni ya ce, "Kai da ka tafi birni koyon aikin mata, yau ka dawo wurin masu garma?" Amma ya zauna kwana uku yana yanka ƙusa yana mulmulawa, ni ina gogewa da magagari, har munka tara ɗari da ashirin.

Wannan karon goma na fara zubawa. Madam da kanta ta zo maƙera tare da Ladan. Ta zura su a igiya, ta ɗaga, ta yi tafiya da hannu a hankali daga hagu zuwa dama. Shiru. Ta karkaɗa wuyan hannu, sunka amsa tare, sunka yi shiru tare. Ta ware uku ta ajiye gefe, ta riƙe bakwai. Ta kaɗa kai.

Ladan ya ce, "Wanga ee ne. Ina jin."

Na ɗauki ukun da ta ware, na ɗauki bakwan, na kaɗa wannan na kaɗa wancan. Kunnena bai ji bambanci ba. Na ba Kulu, ita ma ba ta ji ba. Haka munka ci gaba: in zuba ashirin, ta zo ta zaɓi goma sha biyar ko sha shida, sauran su koma kasko. Ina yin aikin da ban san ma'auninsa ba, kamar na koma yaro gaban Kawu. Munduwar Kulu ta ƙare daidai da cikar ɗari, da 'yan guda bakwai da sunka yi saura. Kwana fuɗu ya rage ranar tasu.

Ranar da ta zo karɓa ta zo da ɗiyar da Ladan. Sunka tuɓe takalma a ƙofar maƙera, wurin da ke cike da gawayi da tartsatsin ƙarfe. Madam ta durƙusa ta taɓa uwar maƙera da yatsu, ta kai goshinta. Yarinyar ma ta yi haka. Sunka ajiye fure rawaya guda biyu a kai. Sannan yarinyar ta nufo ni ta sunkuya za ta taɓa ƙafata, na ja da baya har na ture kwandon gawayi.

Na ce, "Ladan, mi ke nan kuma?"

Ya tambaya. "Ta ce wanda ya ƙera malami ne, abin da ya ƙera da shi shi ma malami ne."

"Ƙarfen?"

"Haka ta ce."

Ta biya ni yadda munka yi, ta ƙara wa Kulu zane. Suna fita Kawu ya tashi da sandarsa, ya lalubo tsintsiya ya share furen, ya sa anka kawo ruwa ya wanke uwar maƙera da hannunsa yana bisimilla. Rawar kuwa a Sakkwato anka yi ta, ba wanda ya gani a cikinmu. Ladan ya ce da sunka dawo yarinyar ta ci abinci faranti biyu, iyakar labarin da na samu ke nan. Shekara na zagayowa sunka koma ƙasarsu.

Masu surutun nan ɗari da anka ƙi, Kulu ta zura su uku-uku a zare ta ba wata dillaliya. Mata sunka yi rububinsu, suna ɗaura wa yara masu koyon tafiya, don uwa tana daka ta san inda ɗanta ya nufa. Har daga Sanyinna anka riƙa aikowa. Su sunka riƙe gidana har sabon gero ya shigo, kuma har yau irinsu nake yi. Masu shirun kuwa, aikin da ya fi kowane wahala a rayuwata, ba wanda ya sake tambaya. Wani mai rawar gargajiya ya taɓa sayen shida daga cikin bakwan da sunka rage, washegari ya dawo da su ya ce matattu ne. Na ƙirga na ga shida, na nemi ta bakwai a kwaryar ban gan ta ba, na ɗauka yara sun yar.

Kawu yana zaune ranar. Ya ce, "Wata fuɗu ka yi, ka cinye munduwar matarka, kana koyon ƙera ƙararrawar da ba ta ƙara." Ni kuwa ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Bayan shekara uku Allah ya yi masa rasuwa. Ni na cire masa riga kafin a yi masa wanka. A aljihun gaba akwai tasbaha, da ɓarin goro, da ƙararrawar nan ta bakwai, ta yi sumul don shafa. Shekara uku yana yawo da ita a jikinsa, masallaci da kasuwa da maƙera, muna zaune tabarma ɗaya kullum, ban taɓa jin ta ba.